Na sauya aisi, fedal ɗina ya shaƙe: ina kuskuren yake?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa fedal ɗin koras na jita (ƙaramar na'urar da ke ninka sautin jita ya ji kamar biyu) da hannuna, da aisin (wato ƙwayar lantarki, IC) MN3207 na Panasonic da na ciro daga wani tsohon allo, da aisin MN3102 mai ba shi bugun lokaci. Sauti garau, ba a magana. Abokina ya ji ya ce sai na yi masa irinsa. Da yake an daina ƙera na Panasonic, sai na sa V3207 na Coolaudio. Allo ɗaya, kaya ɗaya, amma da na kaɗa tsirkiya da ƙarfi sai sautin ya fashe kamar tsagaggen lasifika. Na gwada BL3207 na wani kamfanin, shi kuma can ƙasa-ƙasa yake fita. Jabu aka sayar mini, ko ni ne na yi ɓaranɓarama?

Wani mai gyaran amfilifaya: Wa alaikumus salam. Kafin ka zargi kowa, gaya mana: a ƙafa ta 3, inda sauti ke shiga, firiset ka sa (resiston da ake murzawa a saita) ko resisto biyu ka kafe?

Mai tambaya: Resisto biyu ne, Malam. Na auna inda na farkon ya yi daɗi, na dalmace su a haka.

Mai gyaran amfilifaya: To ga ɓarawonka nan. Wannan aisi jerin guga ne, mataki 1024, kowane yana juye wa na gabansa. Yana da 'yar taga ta wuta da sauti ke wucewa ba tare da an datse masa kai ko gindi ba, kuma tagar ba wuri ɗaya take ba. Ko aisi biyu na kamfani ɗaya sukan ɗan saɓa, balle na kamfani uku. Ka ɗinka wa wani riga, ka ba wani, kana mamakin ta matse shi.

Cire resistocin ka sa firiset. Katse busasshen sauti, wato wanda bai bi ta aisi ba, don ka ji wanda ya bi ta aisi shi kaɗai. Wani ya riƙa kaɗa tsirkiya mai kauri da ƙarfi, kai kuma kana murzawa da ƙaramar sukundireba a hankali. Za ka ji ya fashe, ya washe, ya sake fashewa, har ya ɗauke. Koma tsakiyar inda ya washe ka tsaya. Wajajen rabin wutar da ke shiga ne, amma kunnenka ka bi kafin mita.

Wata mamba: Ƙari kaɗan. Duba ƙafa ta 4 ma, ana so ta samu kashi 14 cikin 15 na wutar. Sannan auna adaftarka. Wasu an rubuta bolt 9 a jikinsu amma suna fitar da fiye da 12, alhali 3207 bai son ya wuce 10. Ni da haka na ƙona guda biyu kafin na farga, na yi ta zagin dalmata a banza.

Wani sabon shiga: Me zai hana ya sa MN3007 ya huta? An ce ya fi daɗi, shi ne a cikin fedal ɗin koras na CE-2 na kamfanin Boss.

Mai gyaran amfilifaya: Kul, ƙanena! Ƙafa takwas ne duka, amma wutarsu a juye take, kuma 3007 da MN3101 yake tafiya. Cusa shi a nan sai dai asara. Batun daɗi kuwa, yawancin masu cewa wannan kamfani ya fi wancan ba su saita ko ɗaya ba kafin su yanke hukunci.

Mai tambaya: Na sa firiset ɗin daren jiya. V3207 ya washe bayan murzawa kaɗan. BL3207 ma ya tashi, sai dai akwai wani siririn shuu a bayansa idan na daina kaɗawa. Wannan kuma daga ina?

Wata mamba: Raba wayoyin MN3102 da na sauti tukuna, kada su kwanta a kan juna, sai ka dawo mana da labari.