DVR ta hannu ko akwatin kamfani? Waɗanda suka gwada su ba ni shawara

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Aikin dare nake yi, don haka ƙwallo da labarai sai dai in naɗa in kalla da rana. Shekara shida ina amfani da DVR tawa ta kaina, wato na'urar naɗar shirye-shiryen talabijin, wayar kebul nake jona mata kai tsaye daga bango. Makon jiya ta daina. Na sa ta nemo tashoshi, ta jero sun fi ɗari, amma duk wadda na buɗe sai baƙin allo da ɗan rubutu cewa a kulle take. Kamfanin kebul suka ce in karɓi akwatinsu mai naɗa, dala 20 a wata. Ga kuma abokin aikina zai sayar mini da DVR samfurin TiVo ta hannu, mai ramin sa CableCARD, wato katin buɗe tashoshin da aka kulle, a kan dala 150, ranar Juma'a yake jiran amsa. Eriya ba ta yi mini, a ƙarƙashin bene nake, na gwada. In saya ko in haƙura da haya?

Sani Mai Tirela: Wa alaikumus salam. Ka sayi eriya kawai ka huta. Ni shekara huɗu ke nan ban biya kowa ko sisi ba, hoto tangaran.

Baban Khalifa: Malam Sani, na faɗa a sama, ɗakina rabinsa a cikin ƙasa yake. Tasha uku na samu, su ma suna yankewa.

Injiniya: Na'urarka lafiyarta ƙalau, ƙofa aka rufe mata. Siginar eriya nau'inta daban, ana ce mata ATSC, ta kebul kuma ana ce mata QAM. Taka tana karanta QAM ɗin da ba a kulle ba, shi ya sa ta yi maka aiki duk shekarun nan. A 2012 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ba kamfanonin da suka koma dijital gaba ɗaya izinin kulle har tashoshin ƙaramin tsari, wato mafi arha. Manya sun daɗe da kullewa, naku ne ya yi jinkiri. Mabuɗin shi ne CableCARD, kuma wurin kamfani kaɗai ake samunsa. Matsalar ita ce a watan Satumba na 2020 FCC ta janye dokar da ta wajabta musu ba da katin. Kada ka ba abokinka kuɗi sai ka ga kati a tafin hannunka.

Maman Ikram: Ƙanina, don girman Allah kada ka saya. Ni na bi wannan hanya, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Sabuwa dal na sayi tawa. Na je ofishinsu neman kati, yarinyar da ke kan tebur ba ta taɓa jin sunansa ba, sai da aka kira wani dattijo ya zaƙulo shi daga wata durowa. Na dawo gida na sa, aka ce sai na kira su a waya sun haɗa shi da na'urar. Na karanta musu lambar kati, lambar Host ID, lambar Data, ɗaya bayan ɗaya, ina durƙushe gaban talabijin da tabarau. Sau huɗu ina kira, kowane kira ya kusa awa. Ashe na farkon ne ya rubuta lamba ɗaya ba daidai ba.

Da aka samu ya yi, sai na ga tashoshi kusan talatin babu. Wai sai an ƙara wani ƙaramin akwati da ake jonawa ta USB, shi ke roƙo mini tashoshin da ba a sakinsu sai an nema. Wannan akwati shi ya hana ni barci. Fitilarsa ta fara ƙyaftawa, to ki sani abin da kika sa a naɗa daren nan ya tafi. Sai in cire wuta, in jira, in mayar.

Duk wannan da sauƙi. Tashar unguwarmu ta nuna bikin kammala sakandaren Ikram, na naɗa, har inda aka kira sunanta ta hau dandamali. Na ce zan kwafe a kwamfuta, ina ta ɗagawa. Wata safiya na'urar ta ƙi tashi. Mai gyara ya ce faifan lafiya lau, amma abin da ke ciki a ɗaure yake da wannan na'urar kaɗai, ko an sa shi a wata ba zai buɗu ba. Mahaifinta bai samu zuwa bikin ba, yana asibiti, na yi masa alkawarin zai gani. Bai gani ba har Allah Ya karɓi abinsa.

Hauwa'u: Allahu Akbar. Allah Ya jiƙansa, Anti. Ki tuntuɓi tashar, irin waɗannan na unguwa sukan ajiye tsofaffin shirye-shirye.

Maman Ikram: Amin 'yata. Na rubuta musu sau biyu, shiru.

Alhaji Garba: Allah Ya gafarta masa, Hajiya. Amma Baban Khalifa, kafin ka bi maganar littafi, duba wayoyinka. Shekara goma sha ɗaya na yi ina hawa tsani ina ja wa mutane kebul. Mafi yawan laifin da ake ɗora wa na'ura na marabar waya ne, wato abin da ke raba wayar kebul ɗaya zuwa biyu ko fiye. Mai baki biyu tana rage ƙarfin sigina da 3.5 dB a kowane baki, ka jera uku a gida ɗaya ka gama da siginar. Shiga shafin gwaji na na'urarka ka ga ƙarfin siginar, a so ta zauna tsakanin -7 da +7 dBmV.

Injiniya: Alhaji, da girmamawa, raunin sigina hoto yake farfasawa ya riƙa tsayawa. Shi allonsa cewa ya yi a kulle. Ko sabuwar waya ka ja masa tun daga kan titi ba za ta buɗe ba.

Alhaji Garba: Yaro, gida nawa ka taɓa shiga da na'urar awo? Na sha ganin saƙon kulle a inda kan waya ne ya yi tsatsa.

Injiniya: Tashoshi ɗari a rana ɗaya, Alhaji? Kuma kamfani da bakinsu sun ce ya karɓi akwati.

Ɗan Auta: Ni dai a ganina na'urar tausayinsa ta ji. Ƙungiyar da Baban Khalifa ke goyon baya, wa zai so ya tashi daga barci ya tarar da wasanta a ajiye?

Baban Khalifa: Ɗan Auta, za mu haɗu ƙarshen kaka. Jama'a, nawa ake biyan katin?

Hauwa'u: Yayana yana da shi, kyauta ne na farko.

Maman Ikram: Wane kyauta? Dala 5 na riƙa biya duk wata, har wata biyu bayan na mayar da shi suna cira.

Sani Mai Tirela: Kuma dala 20 ɗin nan sun cuce ka. Maƙwabcina 10 yake biya.

Injiniya: Na maƙwabcinka wataƙila naɗi ne a rumbun kamfani ta intanet, wanda suke gogewa in wa'adi ya cika. Baban Khalifa, ƙara tambayar abokinka abu biyu: rajistar TiVo ɗin ta dindindin ce ko ta wata-wata, kuma tana karanta tsarin bidiyo na MPEG-4? Wasu tsofaffin MPEG-2 kaɗai suka sani, kamfanoni kuwa sun sauya tashoshi da yawa zuwa MPEG-4. Kada kuma wani ya ce maka ka naɗa daga ramin HDMI na akwatinsu, kariyar hana kwafe hoto ta HDCP za ta hana.

Baban Khalifa: Na kira ɗazu. Na farko ya ce suna ba da kati, in je ofis. Na sake kira don tabbatarwa, ta biyu ta ce sun daina ba sababbi tun bara. Gobe Juma'a.

Alhaji Garba: Ka je ofis da ƙafarka, kada ka yarda da waya.

Hauwa'u: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ma takardar kuɗin ce. An ce mini dala 60, ta zo 94. Kuɗin tashoshin gari daban, kuɗin wasannin yanki daban, ni da ko ƙwallo ba na kallo.

Injiniya: Akwai dokar da majalisa ta yi a 2019, ta fara aiki Disamba 2020. Dole su faɗa miki jimillar kuɗin kafin ki shiga, kuma ba su da ikon cajin haya a kan na'urar da take taki.

Maman Ikram: To ni modem ɗina na intanet nawa ne, da kuɗina na saya, kuma ga layin haya nan a takardar watan jiya. Hauwa'u, ɗauko taki ki duba shafi na biyu can ƙasa, ki faɗa mini abin da suka rubuta miki.