Neman Kalma: Maganiziyam, Maganaɗisu Ko Gishirin Jijiya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kalmar da ke kan tabarma yau, a aikinmu na nema wa kalmomin Turanci suna a Hausa, ita ce wadda Turawa ke kira magnesium, sinadarin da ake yi wa alama da Mg, mai lamba 12 a jadawalin sinadarai. Masu talla sun cika mana WhatsApp da TikTok da shi, kwalabensa na jere a kemis-kemis daga Terminus har Bukuru, amma kowa da yadda yake kiransa. Shawarwari uku suka fi yawa cikin waɗanda kuka aiko: maganaɗisu, gishirin jijiya, da kuma a bar sunan a gyara masa zama a bakin Bahaushe.

Maganaɗisu dai a ajiye shi gefe. Malamin da ya kawo shi bai yi nisa da gaskiya ba, domin sunayen biyu duk daga Magnesiya suka samo asali, wani yanki a ƙasar Girka, kuma ta hanyar Larabci maganaɗisu ya shigo mana. Sai dai kalmar tana da mai ita tuntuni, wato mayen ƙarfe. Shi kuwa sinadarin namu ba ya jan ko allura. In muka ba shi wannan suna, gobe wani zai fito da awarwaron mayen ƙarfe ya ce yana ƙara shi a jiki, kuma za a saya.

Gishirin jijiya ya fi daɗin kunne, na kuma so shi da farko. Matsalarsa biyu. Mai hawan jini an riga an ce masa ya rage gishiri, to da ya ji kalmar sai ya ja baya, alhali wannan ba ruwansa da gishirin miya. Sannan sunan ya ƙuntata aikin. Babban mutum yana ɗauke da kusan giram 25 na sinadarin, kuma fiye da rabi a ƙashi yake, saura a tsoka da sauran nama, abin da ke yawo a jini bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Yana da hannu a ayyukan jiki sama da 300: sarrafa abinci ya koma kuzari, bugun zuciya, motsin tsoka, daidaita suga. Aikin jijiya ɗaya ne kawai daga cikinsu. Mun ga irin wannan a kan kanwa, da aka laƙaba mata sunan fotash a Turanci har wasu ke zaton fotasiyam ce zalla, alhali yawancinta sodiyam ne.

Mu mutanen Jos bai kamata wannan ya ba mu wahala ba. Kuza tana da sunan Hausa domin kakanni sun haƙa ta, sun narka ta, sun yi fataucinta tun kafin zuwan Turawa. Kolombait kuwa, ma'adinin da ake haƙa tare da kuza, da sunansa ya zo, haka muka karɓe shi. Sinadarin da muke magana ba a taɓa tsintarsa shi kaɗai a ƙasa, kullum a haɗe yake da wani abu. Sai a 1808 Humphry Davy ya ware shi a Ingila ta hanyar amfani da lantarki. Abin da ido bai taɓa gani ba, ina za a samo masa tsohon suna?

Saboda haka ni ina tare da masu cewa a aro. Sauran rubutu: magniziyam ko maganiziyam? Ku saurari yadda dattijuwa za ta faɗe shi a gaban kanta. Harshenmu ba ya son g da n su haɗu ba wasali a tsakani, shi ya sa ma muka ce maganaɗisu. Maganiziyam ne ke fita ba tare da tuntuɓe ba, kuma ya yi kusa da abin da ke rubuce a jikin kwalba, wanda shi ne babban abin buƙata ga mai saye. Wani ya yi ƙorafi cewa akwai "magani" a cikinsa, mutane za su ɗauka magani ne. Ƙorafin yana kan hanya, zan dawo kansa. A kuma lura, manganis wani sinadari ne daban, alamarsa Mn, lambarsa 25, kada a haɗa su.

Inda nake ganin Hausa za ta yi aikin gaske ba a sunan sinadarin ba ne, a rarrabe nau'o'insa ne. Wata unguwarzoma ta rubuto cewa ta sha jin masu ciki suna cewa ai sun sayi maganiziyam a kemis, an ce yana hana jijjiga, don haka ba sai sun zo awo ba. Sista, Allah Ya saka da alheri, maganarki ta fi duk gardamar rubutun da muke yi muhimmanci. Gaskiya ne maganiziyam salfet shi ne maganin jijjigar masu ciki, wadda wasu ke kira taune-taune. Babban binciken Magpie da aka wallafa a 2002, kan mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi ga masu alamunta. Amma allura ce ta asibiti. A tsarin da aka fi bi a nan, kashin farko giram 14 ne, 4 ta jijiya, 10 a ɗuwawu, ana sa ido kan numfashi da fitsari da zaburar gwiwa, ga maganin karya shi a kusa ko da ya yi yawa. Ƙwayar kemis ba ta kama ƙafar wannan ba. Sunansa a Hausa ya zama allurar jijjiga, kada a taɓa kiransa maganiziyam kawai.

Nau'i na biyu mun daɗe da shi ba mu san sunansa ba. Farin ruwan nan na Mist Mag da ake girgizawa kafin a sha in ƙwannafi ya taso, maganiziyam ne a ciki. Haka Milk of Magnesia, haka gishirin Andurus da iyayenmu ke zubawa a kofi yana tafasa. Waɗannan maganiziyam na ƙwannafi ne ko na sakin ciki. Suna kashe tsamin ciki, ko su jawo ruwa cikin hanji bayan gida ya yi laushi. Ba don gina jiki ake shan su ba.

Sai na uku, wanda ake ta tallarsa. Me za mu kira ƙwayar da ake sha don ƙara abin da abinci bai kawo ba? An ce ƙarin abinci, an ce ƙwayar gina jiki. Ni na fi son ciko. Duk wanda ya taɓa awo a kasuwa ya san in mudu bai cika ba a kan yi ciko, kuma ba wanda ke zuwa sayen ciko shi kaɗai ba tare da mudun ba. Ƙwayar ciko ke nan. A nan ne amsar mai ƙorafin "magani" take: in muka saba cewa cikon maganiziyam, kalmar da kanta tana tuna wa mutum cewa akwai asali a wani wuri.

Asalin kuwa yana tukunya. Namiji babba na buƙatar miligiram 400 zuwa 420 a rana, mace 310 zuwa 320, mai ciki ta ɗan fi haka. Koren nan na ganye, a tsakiyar ƙwayar da ke ba shi launi maganiziyam yake zaune, don haka alayyafo da zogale da rama duk suna da shi. Wake, waken suya, gyaɗa, riɗi, agushi, 'ya'yan kabewa, gero, dawa, tamba, duk haka. Giram 28 na gasassun 'ya'yan kabewa, ɗan abin da zai cika tafin hannu, yana ba da kusan miligiram 150. Dubi kwanon gwaten acha da aka zuba wa ganye da wake da ɗan ƙuli: mai cin wannan a kai a kai ba shi ne mai giɓi ba. Giɓin yana wajen wanda ya koma farar shinkafa da burodi da taliyar leda, domin yawancin sinadarin hatsi a dusa yake, surfe da injin gyara suna tafiya da shi, mu ba awaki.

Ga waɗanda likita ya ce su yi ciko, sunayen jikin kwalba sai a rubuta su yadda ake furtawa: oksayid, sitiret, gilaisinet, kulorayid. Oksayid ya fi araha, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa maganiziyam ne, wato ƙwaya mai miligiram 500 tana ɗauke da kamar 300, sai dai hanji ba ya tsotse shi sosai, shi ya sa yake yawan sa gudawa. Sitiret ya fi shiga jiki, shi ma yana sassauta ciki. Gilaisinet ya fi tsada, ana zaɓarsa domin bai cika tayar da ciki ba. Hukumomin lafiya na Amurka sun sa iyakar miligiram 350 a rana ga abin da ya fito daga ƙwaya, ban da na abinci. Na shafawa da na jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi kuwa, babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa yana ratsa fata ya cike giɓi, daɗin ruwan ɗumin ne yawanci. Haka ɗaurewar ƙafa da dare da ke damun tsofaffi, binciken da aka tattara bai nuna ƙwayar tana hana ta ba, duk da irin rantsuwar masu talla.

Masu giɓi na gaske an san su: mai ciwon sugan da bai daidaita ba, mai daɗaɗɗiyar gudawa, mashayin giya, mai shan maganin sa fitsari, da wanda ya shekara yana shan omeprazole, maganin gyambon ciki da ƙwannafi. Mai ciwon ƙoda kuwa akasin haka ne, ƙoda ce ke fitar da rarar, in ta gaza sai ya taru har ya taɓa numfashi da zuciya. Ko Mist Mag kada ya sha sai ya tambayi likita.

To abin da na rubuta a kundinmu na kalmomi ke nan: maganiziyam ga sinadarin, ciko ga ƙwayar kemis, na ƙwannafi da na sakin ciki ga na girgizawa, allurar jijjiga ga na asibiti. Masu harhaɗa magunguna da ke cikinmu, akwai jimla ɗaya da nake so ku taya mu gyarawa don a riƙa faɗa wa mai saye. Maganiziyam yana kama ciprofloxacin da tetracycline, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, a cikin hanji ya hana su aiki, shi ya sa ake cewa a sha su awa 2 kafinsa ko awa 4 zuwa 6 bayansa. Na sa "ba sa ga maciji da juna", wani ya ce Baba mai ciwon ciki zai ɗauka guba ce ya daina shan duka biyun. Yanzu na mayar da ita "a raba musu lokaci". Wanda ke da wadda ta fi wannan ya kawo.