Zauren 'yan wasan labari na Sakkwato: jarumin da ko kaza bai taɓa yankawa ba

Nasiru: Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Asabar mai zuwa Yaya Bello zai buɗe mana sabon labari a Dungeons & Dragons, wasan nan na labari da ake yi a tebur da dayis, ni kuma ban taɓa gina ɗan wasa, wato mutumin da zan zama a cikin labarin, da hannuna ba. Abin da ke raina shi ne yaron da duk garinsu ke kira jarumi, alhali ko kaza bai taɓa yankawa ba. Wane asali zan ɗaukar masa?

Bello: Wa alaikumus salam ƙanena. A littafin 'yan wasa na bugu na biyar, na 2014 wanda muke aiki da shi, biyu ne suka yi kusa da abin da kake so. Akwai Charlatan, ɗan damfara kenan: yana zuwa da ƙwarewa a yaudara da saurin hannu, da kayan ɓad da kama, da na jabun takardu, har da suna na biyu da ya riga ya tanada. Akwai kuma Folk Hero, jarumin talakawa: ya iya dabbobi, ya iya zaman daji, kuma duk ƙauyen da ya sauka talakawa za su ba shi masauki su rufa masa asiri.

Nasiru: To na farkon zan ɗauka ke nan, tunda ƙarya ce sana'arsa.

Sadiya: A'a, dakata. Kai ka ce yaro ne sabon shiga. Ɗan damfara gwani ne, ya ci kasuwa goma kafin ya iso taku. Naka kuwa ƙaryar ce ta faɗo masa a ka, bai iya riƙe ta ba. Ɗauki jarumin talakawa, ka cire ƙwarewar dabbobi ka sa yaudara. Littafin da kansa ya yarda mutum ya sauya ƙwarewa biyun nan, in mai jan wasa ya amince.

Bello: Na amince.

Malam Sani: Awo, gaskiyar Sadiya. Amma ni ba takarda ad damuwata ba. Mi yaron ga ya yi har anka ce mai jarumi? Ku tuna labarin Bayajidda da munka ji tun muna ƙanana. Da anka wayi gari macijin rijiyar Kusugu ya mutu, mutane da dama sunka fito kowa shina cewa shi ya kashe, sai da sarauniya ta nemi a kawo kan. To Nasiru, yaronka ɗaya ne daga cikin waɗancan masu da'awa, sai dai shi an yi rashin sa'a kan ya faɗo hannunai.

Nasiru: Kai! Malam, wannan ta zauna.

Malam Sani: Ƙara gyara ta. A ce ɗan kiwo ne, akuyarsu ta ɓace, ya bi sawu da asuba har bakin kogo. Ya iske dodon da ya hana garin barci kwance ya mutu, ga wani baƙon maharbi gefe shina numfashin ƙarshe. Yaron ya ja takobin baƙon don ya kai gari a zo a taimaka. Shigowarsa ƙofa, takobi a hannu, riga duk jini, matan da ke ɗibar ruwa sunka rangaɗa guɗa. Kafin ya buɗa baki makaɗa sun yi mai kirari, maigari ya yafa mai alkyabba. Wa zai iya cewa "ba ni ba ne" gaban uwarsa da ke kukan murna?

Hafsat: Malam ya gama magana. Abin da zan ƙara: takobin nan ya fi ƙarfin hannunsa, sulken kuma ya yi masa yawa, yana tafiya yana ƙara kamar an jawo gwangwanaye. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke sa tebur dariya, ba dogon tarihi shafi uku ba.

Abba: Ni dai gargaɗi zan yi, don na sha wannan ruwan. Bara a teburinmu na Runjin Sambo na yi ɗan wasa mai ƙaryar shi babban mayaƙi ne, kuma na ɓoye wa har abokan wasa. Sati huɗu suna tura ni gaba duk faɗa. Ranar da muka haɗu da ogre, wannan ƙaton dodo mai kulki, duka ɗaya ya shimfiɗa ni. Ku lissafa: kulkinsa matsakaicin illarsa 13, mayaƙin mataki na farko kuwa ransa 10 ne sai ɗan abin da ƙarfin jikinsa ya ƙara, nawa 12. Sauran suka shigo ceto, aka kashe mai maganinmu. Mai ita ba ta yi mini magana ba har muka watse, shayin da na saya mata ma a nan ta bar shi ya huce.

Sadiya: Ni ce mai maganin. Har yau ban yafe ba.

Abba: Kun ji ko. Saboda haka Nasiru, gaya wa mutanen tebur gaskiya tun daren farko. 'Yan wasan da ke cikin labari ne ba su sani ba, mu da ke zaune mun sani. Ta haka kowa zai taya ka jan zaren.

Bello: Wannan ita ce shawarar da ta fi duka a wurina. Kuma kada ka dogara da dayis. In ka sa kwarjininsa 16, yaudararsa za ta zama ƙarin 5 a kan abin da dayis ya nuna a matakin farko. In na ce sai ka kai 15, kana bukatar 10 ko sama a dayis mai fuska 20, wato kashi 55 cikin 100. Kusan rabin ƙaryarka za ta tonu. Ka zo da shirin abin da zai yi in an ƙure shi: zai gudu ne, zai ƙara wata ƙaryar, ko gumi zai karyo masa ya fara in'ina?

Nasiru: In'ina. Ni ma haka nake in Baba ya tsare ni.

Hafsat: Mayaƙi za ka yi shi ko mawaƙi? Mawaƙi ya fi dacewa da mai kwarjini.

Malam Sani: Haba ɗiyata, mawaƙi ai baki garai. Wanga yaro ba Gizo ba ne, wayon bai kai nan ba. A bar shi mayaƙi, ya koyi riƙon takobin sannu sannu, yadda duk matakin da ya hau za a ga ya ɗan cika rigar.

Hafsat: To Baba, na janye. Amma a sa wani wanda ya san gaskiya. Ƙanwar maharbin nan, misali, tana yawo gari gari tana cigiyar takobin yayanta.

Bello: Hafsat, kin shiga aikina. Share wannan kafin Nasiru ya karanta.

Nasiru: Na riga na karanta, Yaya. Sunansa Ɗan-Tani, kuma akuyar har yau bai gan ta ba.

Bello: Rubuta mini rabin shafi ka turo kafin Alhamis: abin da yake tsoro, wanda yake kunyar ya ji gaskiya, da dalilin da ya sa ya bar garin. Asabar bayan La'asar, gidanmu a Mabera. Abba, dayis ɗina mai fuska 12 yana wurinka tun kafin azumi.

Abba: Yana cikin aljihun wata rigar da na kai wanki. Zan duba.