Ƙaramin karen da muka tsinto yana fitsari a falo, ina mafita?

Uwargida daga Sabon Gari: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da kiwon kare. Ɗana ne ya tsinto wani ɗan ƙaramin kare a bayan Kasuwar Dole, mai gajerun ƙafafu da gashi buzu-buzu, kuma da alama a hannun wasu ya tashi, domin akwai shatin igiya a wuyansa. Mun yi jinyarsa har ya murmure, muka yi masa wuri a tsakar gida, amma da zarar ya ga ƙofa a buɗe sai ya faɗa falo, ya ɗaga ƙafa a jikin kujera ko labule, ya ɗiga fitsari kaɗan ya wuce. Wani lokaci kuma da asuba mukan tarar da kashi a bayan ƙofar zaure. Kullum ina goge wurin da ruwan Javel, wato bilic, amma nan yake komawa. Maigida ya ce in abin bai gyaru ba za a mayar da shi inda aka ɗauko shi, yaran kuwa sun shaƙu da shi.

Ɗan Zango: Hajiya, a riƙa rufe ƙofar falo, ai magana ta ƙare.

Uwargida daga Sabon Gari: Ƙanena, da gani ba ka taɓa zama a gidan da yara ke shige da fice ba.

Ma'aikacin kiwo: Hajiya, abu biyu kika haɗa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Fitsari kaɗan a jikin abin da ke tsaye, kamar ƙafar kujera ko labule, ba matsuwa ce ke kawo shi ba. Alama yake sawa don duk karen da ya sansana ya san wurin yana da mai shi. Namijin kare yakan fara haka idan ya balaga, wajen wata 6 zuwa 12, kuma abin yakan ƙaru in ya sauya gida ko yana jin ƙanshin macen da ke neman barbara a unguwa. Kashin asuba kuwa rashin horo ne, ko kuma ana ba shi abinci da dare sosai. Amma kafin komai a kai shi ofishin kiwo likitan dabbobi ya duba shi, domin ciwon mafitsara, tsakuwa a mafitsara, ciwon ƙoda da ciwon suga duk suna sa kare yawan fitsari. Idan kin ga yana yunƙuri abu kaɗan na fita, ko akwai jini a ciki, ko shan ruwansa ya wuce kima, to kada a tsaya horo.

Baba Maharbi: Mu a zamaninmu tsumagiya ɗaya ce ke koya wa kare ladabi. A kai hancinsa wurin, a zane shi, gobe ba zai sake ba.

Inna ta Birni: Baba, Allah ya ja zamaninka, amma wannan shawara ita ta lalata mana kare, don haka ba zan yi shiru ba. Namu ma tsintacce ne, wani maƙwabci da ya tashi ya bar shi ɗaure a kango. Samarin gidan suka bi irin maganar da ka faɗa, duk wanda ya ga jiƙa a ƙasa sai ya jawo shi ya tura hancinsa ya dake shi. Abin da karen ya fahimta shi ne fitsari a gaban mutum haɗari ne, saboda haka ya daina yi a gabanmu ko da an fita da shi waje, sai ya matse har a dawo, ya lallaɓa bayan buhunan hatsi a ɗakin ajiya ya yi. Ba mu ankara ba sai da wari ya tashi, muka ja buhunan muka tarar ƙasan na ƙarshe ya jiƙe, geron ya yi baƙi ya dunƙule, daɓen kuma ya sha har sai da aka fasa shi aka sake. Daga nan ya kai ga in babban namiji ya sunkuya kansa ko ya ɗaga murya, sai ya kwanta rigingine fitsari na zuba, wanda tsoro ne tsantsa. Ana cikin haka wani ya ce dandaƙa ce magani, aka kira wani mai yi wa bunsuraye, ya yi masa a tsakar gida ba allurar kashe zafi, ba tsabtar kirki. Wurin ya kumbura ya yi ruwa, ƙudaje suka samu, kuɗin da muka kashe wajen likita ya ninka abin da za mu biya da tun farko can aka kai shi. Ya warke, amma har yau ba ya yarda baƙon namiji ya taɓa shi. Abin da ya gyara fitsarin a ƙarshe shi ne jikata da ta ɗauki nauyinsa, tana fita da shi lungu ɗaya a bayan gida da asuba, da bayan ya ci abinci, da in ya tashi barci, da kuma kafin a rufe gida, tana tsaye shiru har ya yi, nan take ta ba shi ɗan yankan nama.

Baba Maharbi: Inna, karen farauta nake nufi, ba wannan mai kama da matashin kai ba.

Ma'aikacin kiwo: Ko na farauta ne, Baba, kare ba ya haɗa dukan yanzu da laifin da ya yi awa guda da ta wuce. Maganar Inna ta dandaƙa gaskiya ce: tana rage sa alama ga karnuka da yawa, amma ba duka ba, musamman wanda abin ya riga ya zame masa ɗabi'a, kuma aikin likita ne. Naman ladan ya zama dafaffe marar albasa, domin albasa na lalata jinin kare, don haka a bar kilishi da tsire.

Malam na Garin Malam: Hajiya, ina tunatarwa kan tsarki. A mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne, dole a wanke da ruwa duk abin da suka taɓa kafin a yi salla a kai. Izinin ajiye kare da aka sani kuma na tsaro ne da farauta da kiwo, saboda haka wurinsa tsakar gida ne ko zaure, ba ɗakin da ake shimfiɗa darduma ba.

Uwargida daga Sabon Gari: Allah ya gafarta Malam, ai abin da nake nema ke nan, ba ni na gayyace shi falon ba.

Ɗan Zango: Wannan ɗan abin wane tsaro zai yi, in ba ɓarawon ne zai mutu da dariya ba?

Hajiya ta Karkada: Kada ka raina su, ƙanana sun fi manya haushi da dare. Ƙawata, ki bar Javel ɗin nan. Yana kashe ƙwayoyin cuta, amma hancin kare yana ci gaba da jin abinsa, kuma warin ne ke kiransa ya sake. Ki tsane fitsarin da tsumma tukuna, ki wanke da sabulu, sannan ki zuba ruwan khal, wato binega, da aka sirka rabi da rabi da ruwa, in ya bushe ki barbaɗa bikarbonat, wato bekin soda, ki share daga baya. Kada ki kuskura ki haɗa khal da Javel, hayaƙin da suke tayarwa yana ƙona ido da ƙirji. Inda yake rairayi ne, kamar bayan ƙofar zauren, a kwashe a zuba sabo, ya fi sauƙi a garin da ruwa sai an jira mai kura. Labulen kuma a naɗe shi sama na ɗan lokaci.

Matashiya daga Jami'a: Inna, na ga ana ɗaura musu famfas a ƙugu, ko za a gwada?

Hajiya ta Karkada: A zafin Afrilu da Mayu, da ake wuce digiri 40? Fatarsa za ta saɓule, kuma ba abin da zai koya.

Ma'aikacin kiwo: Haka nan kada a rage masa ruwa don a rage fitsari, a wannan zafi kisa ne. Abin da za a tsara shi ne abinci: sau 2 a rana a lokaci tsayayye, na yamma kafin magariba, a ɗauke kwanon in ya gama. Da dare a sa shi a ƙaramin wuri, domin kare ba ya son ɓata makwancinsa. Sai dai shatin igiyar nan ya sa ni tunani, saboda karen da ya daɗe a ɗaure yana kashi inda yake kwana yakan rasa wannan ƙyamar, horonsa kuma yakan ɗauki makonni ko watanni. Sannan, Hajiya, an yi masa allurar haukan kare? Tsintacce ne, yara na wasa da shi, ana iya yin ta tun yana wata 3.

Uwargida daga Sabon Gari: Ba a yi ba tukuna, likita. A ofishin kiwo ake yi, ko sai an sayo maganin an kai?

Ɗan Zango: Ni ma ina son amsar nan, domin na gidanmu ya yaƙushi yaro jiya.

Ma'aikacin kiwo: Ɗan Zango, naka ya fi gaggawa. In fatar ta fashe, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a kai yaron asibiti yau, a kuma tsare karen a sa masa ido kwana 10.