Baƙin tabon fuska ya ƙi tafiya: ƙwaya zan sha ko a saɓule min fata?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka min da shawara. Tun ina da cikin 'yata ta biyu wani baƙi ya fito min a kumatu da goshi, kamar an shafa min toka. Ga yarinya har an yaye ta, shi kuwa yana nan daram. Likitan fata ya ce melasma ne. Na shafa hydroquinone wata uku, ya ɗan washe, da zafin bazara ya shigo sai ya dawo, har ya fi da.

Yanzu likitan ya ba ni zaɓi biyu. Ko in sha tranexamic acid, miligiram 250 safe da yamma na wasu watanni, ko a riƙa shafa min glycolic acid a asibiti yana saɓule saman fatar. Ƙwayar ce ke ba ni tsoro, don ance tana iya kawo daskarewar jini, ni kuma ina shan maganin tazarar haihuwa, wanda shi ma yana iya kawo hakan. Saɓulewar kuma, irin fatarmu baƙa, idan ta ƙone tabon ƙaruwa yake.

Wadda ta taɓa gwada ɗaya, yaya ta kaya? Bayan kin daina, ya dawo?