Ruwa, ruwan 'ya'yan itace da kofin koyon sha: yaushe ya dace a fara wa jariri?

Maman Iman ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Ɗiyata ta shiga wata na biyar, kuma tun da aka haife ta nono kaɗai take sha, ko ɗigon ruwa bai taɓa shiga bakinta ba. A 'yan kwanakin nan da zafi ya tsananta, na lura cewa duk sa'ad da na ɗaga kofi zan sha ruwa sai ta bi shi da ido, har ta riƙa miƙo hannu, abin da ya sa wasu na kusa da ni suke cewa ƙishirwa ce ke damunta, kuma hana ta ruwa a irin wannan yanayi rashin tausayi ne. Wata kuma ta ba ni shawarar in matse mata lemo in sirka da ruwa, wai zai ƙara mata lafiya. Ana cikin haka aka kawo mana kyautar kofin nan mai murfi da ɗan baki, wanda ba ya zubarwa ko da an kifa shi, kuma a jikin kwalinsa an nuna cewa mai watanninta zai iya amfani da shi. Ina roƙon masu sani su fayyace mini lokacin da ya dace a fara ba jariri ruwa da gwargwadon da za a ba shi, da kuma ko wannan kofi da ruwan lemon suna da wani amfani a yanzu. Allah ya saka da alheri.

Ummu Sadiƙ ta amsa:

Wa alaikumus salam, Maman Iman. Allah ya raya Iman. A matsayina na ma'aikaciyar jinya a sashen yara, shawarata ita ce ki ƙara haƙuri har ta cika wata shida. Wannan shi ne matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF: nonon uwa zalla a watanni shida na farko, ba ruwa, ba wani abin sha, in ban da magani ko bitamin ko ruwan gishiri da sukari idan ma'aikacin lafiya ya rubuta. Dalilin farko shi ne nonon kansa fiye da kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne, kuma wanda ke fara fitowa idan jariri ya kama mama ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa, kafin mai kauri da maiƙo ya biyo baya. Shi ya sa a lokacin zafi za ki ga jaririya tana yawan neman mama tana ɗan tsotsa ta saki. Ba fitina ba ce, ruwanta take sha, kuma abin da ya rage gare ki shi ne ki ba ta duk lokacin da ta nema, ke kuma ki sha ruwa isasshe.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi, kuma shi ne wanda iyaye da yawa ba su taɓa ji ba. Ƙodar ƙaramin jariri ba ta yi ƙwarin da za ta fitar da rarar ruwa da sauri ba, don haka idan ruwa ya yi masa yawa sai ya tsinka sinadarin sodiyam da ke cikin jininsa, ruwan ya shiga ƙwayoyin jiki har da na ƙwaƙwalwa su kumbura. Alamunsa sun haɗa da kasala ko yawan barci, kumburin fuska, sanyin jiki, wani lokaci har da jijjiga. Wannan haɗari ya fi aukuwa ga jariran da ake ƙara wa madarar gwangwaninsu ruwa fiye da awon da aka rubuta domin ta yi auki, saboda haka duk mai ba da madarar gwangwani ta tsaya a kan awon da ke jikin gwangwanin, kada ta ƙara kada ta rage. Ko da ruwan bai kai ga yin wannan illa ba, cikin jariri ƙarami ne, duk gurbin da ruwa ya cike nono ne ya rasa, kuma idan tsotso ya ragu nonon uwa ma raguwa yake yi. Ga kuma gudawa idan ruwan ko mazubinsa ba su da tsabta.

Game da bin kofi da ido, a wannan wata jariri yana bin kusan duk abin da uwarsa ta kai baki, ko da buroshin goge haƙori ne. Idan kina son sanin ko ruwan jikinta ya wadatar, ki duba kunzugu: idan tana jiƙa shi kamar sau shida a wuni da dare, fitsarin kuma ba ja ba ne ko rawaya mai duhu, to lafiya lau take. Bushewar baki, kuka babu hawaye, faɗawar maɗiga da ƙarancin fitsari su ne alamun da ke buƙatar asibiti nan take, ba kofin ruwa a gida ba.

Idan ta cika wata shida ta fara cin abinci, sai a soma ba ta maƙurwa kaɗan-kaɗan lokacin cin abincin. A shekarar 2019 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka da wasu manyan ƙungiyoyin lafiya na ƙasar sun haɗu a kan cewa mililita 120 zuwa 240 a rana ya isa ga jariri mai wata 6 zuwa 12, wato daga rabin kofi zuwa kofi guda. Ko ba ta sha haka ba kada ki damu, domin har ta shekara nono ne babban abin shanta.

Baban Hanif ya amsa:

Malama Ummu Sadiƙ ta gama magana a kan ruwa, ni kuma zan tsoma baki a kan lemon, domin a ganina nan ne aka fi yaudaruwa. Mutane suna jin an ce ɗan itace ne sai su ɗauka duk abin da ya fito daga gare shi alheri ne. Amma da zarar an matse shi, tsokarsa da zarenta da ke taimaka wa hanji sun tafi, abin da ya rage galibi ruwa ne da sukari da tsami. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idarta ta 2015 kan sukari, ta lissafa sukarin da ke cikin ruwan 'ya'yan itace a sahu ɗaya da wanda ake zubawa da cokali. A da Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka tana cewa kada a ba jariri kafin wata shida, amma a 2017 ta ɗaga wa'adin zuwa shekara guda cif, sannan ta ce daga shekara 1 zuwa 3 kada ya wuce mililita 120 a rana. Wannan fa a kan tataccen ruwan ɗan itace ake magana. Na kwali da aka ƙara wa sukari da kala ba ya ma cikin lissafi.

Abin da ya fi damuna shi ne haƙori. Haƙorin farko yakan fito wajen wata shida, kuma ƙwayoyin cuta da ke baki suna cin sukari su mayar da shi tsami mai zaizayar bayan haƙori. Ba yawan abin da aka sha kaɗai ke yin ɓarnar ba, daɗewarsa a baki ita ce babbar matsala. Yaron da ke yawo da bulumboti ko kofi mai murfi cike da zaƙi, yana tsotsa yanzu yana tsotsa an jima, haƙoransa ba sa samun hutun da miyau zai wanke su. Idan kuma da shi ya yi barci abin ya fi muni, tunda miyau yana raguwa a lokacin barci. Haƙoran gaba na sama su ke fara nunawa: wani farin zane mara ƙyalli a gindinsu kusa da dasashi, daga baya ya koma ruwan ƙasa, haƙorin ya fara gutsurewa. Masu cewa ai haƙoran yarinta ne za su zube sun manta cewa wasu daga cikin turamen sukan kai shekara goma zuwa goma sha biyu kafin su zube, kuma su ke riƙe wa na dindindin gurbi.

Maman Iman, idan lokacin abinci ya yi, ki dama mata ɗan itacen gaba ɗayansa ki ba ta da cokali. Kuma kada a sa zuma a ruwa don a ja ra'ayinta, domin zuma ba ta dace da wanda bai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da kan fitar da guba mai shanye jijiyoyi a hanjin jariri.

Kakar Amira ta amsa:

'Yata, ni a kan kofin zan yi miki magana. Ki buɗe murfin wanda aka kawo miki ki duba ƙarƙashinsa, za ki ga wani ɗan bawul na roba. Shi ne ke hana zuba, kuma shi ne ke tilasta wa yaro ya tsotsa da ƙarfi kafin ruwa ya fito, wato dai bulumboti ne aka sauya wa kama. Alhali abin da ake so yaro ya koya shi ne kurɓa: ya ɗora leɓe a bakin kofi, ya ɗebi kaɗan, ya haɗiye. Saboda haka ne hukumar kula da lafiya ta Birtaniya, wato NHS, take ba da shawarar buɗaɗɗen kofi, ko mai murfi wanda ba shi da bawul, tun daga wata shida, sannan a raba yaro da bulumboti bayan ya shekara.

Yadda muke yi da jikata shi ne a zaunar da ita tsaf, a samo ƙaramin kofi da hannunta zai iya zagayewa, a zuba ruwa kamar cokali biyu ko uku kacal. Ina riƙe gindin kofin, ita kuma ta dafe gefensa da hannu biyu, sai in karkata shi har ruwan ya taɓa leɓenta na sama, in dakata. Da farko cizon bakin kofin take yi, ruwan ya gangaro ta haɓa ya jiƙe wuyan riga, wani lokaci ta ɗan ƙware ta yi tari, ta zaro ido ta sake miƙo hannu. Ba a ɗauki lokaci ba ta gane. Jiƙewar riga ba asara ba ce, kuma a ra'ayina kofin da ba ya zubarwa an yi shi ne don hutun manya fiye da amfanin yaro.

Maman 'Yan Biyu ta amsa:

Mama, da girmamawa, zan ɗan saba miki a nan. Mai yaro ɗaya a gaba za ta iya zama ta riƙe kofi, amma mai biyu, ko mai tafiya a mota, tana buƙatar abin da ba zai jiƙa komai ba. Ni a gida buɗaɗɗen kofi muke amfani da shi lokacin abinci, idan za mu fita kuma in ɗauki mai bututun zuƙa, kuma ruwa kaɗai nake zubawa a ciki. Abin da na yarda da shi shi ne kada kofin ya zama abin yawo a baki. Wani bincike da aka wallafa a mujallar likitocin yara mai suna Pediatrics a 2012 ya gano cewa tsakanin 1991 da 2010 an kai yara 'yan ƙasa da shekara uku fiye da 45,000 sashen gaggawa a Amurka saboda raunin da ya shafi bulumboti, robar tsotso ko kofin koyon sha, kuma mafi yawansu faɗuwa suka yi da abin a baki. Don haka a zaune za a sha, a ajiye, sannan a tashi. Haka kuma duk mai amfani da irin wannan kofi ta riƙa ciro bawul da bututun tana wankewa daban-daban tana shanyawa, domin baƙar funfuna takan taru a lungun da ido ba ya gani.

Maman Iman ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena, hankalina ya kwanta, kuma zan ajiye kofin zuwa lokacinsa. Saura abu guda, Anti Ummu Sadiƙ: idan ta fara abinci, shin dole ne in tafasa ruwan da zan ba ta? Kuma na ji ana cewa ruwan 'ya'yan itace yana maganin taurin bayan gida, shin wannan bai ci karo da abin da Baban Hanif ya faɗa ba?

Ummu Sadiƙ ta amsa:

Tafasawa bayan wata shida ta dogara ne da ingancin ruwan da kuke sha. Inda aka tabbatar da tsabtarsa ba lallai ba ne, amma inda akwai ko da ɗan shakku, ki tafasa shi ya yi ɓararraka na minti ɗaya, ki bar shi ya huce a rufe, ki zubar da wanda ya kwana a kofi. Haɗa madarar gwangwani kuwa hukuncinsa daban ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa ta da tafasasshen ruwan da zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, saboda garin madarar kansa yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, sannan a sanyaya kafin a ba jariri.

Maganar taurin bayan gida tana da tushe. Ruwan wasu 'ya'yan itatuwa, kamar tuffa, yana ɗauke da wani nau'in sukari da ake kira sobitol wanda hanji ba ya tsotse shi sosai, sai ya jawo ruwa cikin hanjin ya tausasa bayan gida. Likita yakan iya rubuta ɗan kaɗan na 'yan kwanaki a matsayin magani, da awo, kuma wannan aikin nasa ne yake sa yaran da ke yawan shansa su riƙa fama da zawo da kumburin ciki. Ki kuma sani cewa jaririn da ke shan nono zalla yana iya yin kwanaki bai yi bayan gida ba alhali lafiyarsa ƙalau, muddin idan ya yi mai laushi ne. Idan kuwa ya fito guntu-guntu da tauri, ko da jini, ko ciki ya kumbura tana amai, sai ki kai ta a duba ta kafin ki ba ta komai.