Wace kalma za mu ba limfodima da Hausa?

Jama'a, ina neman taimakonku. A ƙaramin asibitinmu na karkara, nan wajen Ringim, masu sankarar baki ko maƙogwaro kan dawo daga aiki a Asibitin Malam Aminu Kano ko gashin haske (ƙona sankara da hasken na'ura) a asibitin Shika da ke Zariya, sai bayan 'yan watanni ƙasan haɓa ya cika, wuya ya yi nauyi. A takarda likita ya rubuta limfodima. Ni kuma da ke zaune da majiyyaci da matarsa, me zan ce musu?

Ga abin da ke faruwa. Akwai wani ruwa garai-garai da ke tsattsafowa daga jini yana zaga tsoka, yana bin siraran hanyoyi ta cikin kaluluwa kafin ya koma jini. In sankara ta kai wuya, sai a cire kaluluwar wajen, gashin haske kuma ya bar tabo a ciki. Kamar a toshe kwalbati ne da damina: ruwan bai daina zuwa ba, mafita ce babu. Shi ya sa kumburin ya fi yawa da asuba, ido a kumbure, wuyan riga ya matse, zuwa hantsi ya ɗan saɓe.

Wani malamin makaranta ya ce a kira shi tundurmi. Gaskiya ne tundurmi ma toshewar waɗannan hanyoyin ce, amma tsutsar da sauro ke yaɗawa ke jawo shi, kuma ka ce wa dattijo yana da tundurmi a wuya, ka sa ya daina fita masallaci. Hangum da maƙoƙo ba su shigo ciki ba sam.

Wata ungozoma ta kawo "kumburin kaluluwa". Ta matso kusa, sai dai kowa ya san kaluluwa ce ke fitowa in an ji ciwo, nan kuwa an cire ta. Wanda ya sha wuyar sankara, da jin haka zai ɗauka ciwon ne ya dawo.

Ni dai na tsaya a kan "kwanciyar ruwan kaluluwa". Bahaushe ya san ruwa ya kwanta, ya san ba ƙurji ba ne da za a yi wa sakiya. Sakiyar nan ce ta fi damuna, domin da an ji kumburi kawai, wanzami za a kira. Fatar da ta sha gashin haske ba ta warkewa da wuri, ƙaho ko tsaga ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Tsumman ruwan zafi ma a bar shi, wajen ba ya ji sosai, sai mutum ya ƙone bai sani ba. Abin da ke taimakawa shi ne ɗaga kai da matashi biyu in za a kwanta, shafa mai kada fata ta tsage, da tausa mai laushi irin wadda likitan gashin ƙashi zai koyar, bayan likitan sankara ya amince.

Matsalar kafaɗa bayan aikin wuya kuwa maganarta daban. Jijiya ta 11 cikin 12 da ke fitowa daga kai ta bi ta gefen wuya ne, ita ke motsa tsokar da ke riƙe allon kafaɗa. In ta taɓu wajen aiki, kafaɗar sai ta sauko, ɗaga hannu a sa hula ko a sauke tulu ya gagara. Ba sanyin ƙashi ba ne, Baba, saukar kafaɗa ce, motsa jiki a hankali kullum take so, ba ɗori ba.

In wajen kumburin ya yi ja da zafi ga zazzaɓi, ko wani ƙullutu mai tauri ya fito, ko numfashi da haɗiya suka yi wuya, a koma asibiti a ranar.

Mutanen Haɗeja da Gumel, in kuna da kalmar da ta fi tawa gajarta, ku kawo, ina son wadda tsohuwa za ta riƙe tun jin farko.